Kananzir da Zuma

Maigidana Severin ya rasu a watan Janairu, ana tsakiyar aikin datse rassan inabi. Da safe ya hau gona da almakashinsa, da tsakar rana ƙaninsa Ignaz ya same shi zaune a gindin katangar dutse, hularsa a kan gwiwa, sai ka ce mai jiran a kawo masa abinci. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a kan mutuwar. Sauran nawa ne.

Ya bar mini gida, da gonar da gwiwoyina suka daina hawa, da karen da har yau bai yarda ni ce mai ba da umarni ba, da kwalabe. Kwalaben nan ne suka sa na ɗauki biro.

Shekarar da muka yi aure, inabi ya yi kyan da tsofaffin kwarinmu suka ce tun suna yara ba su ga irinsa ba. Severin ya bar na gonar can sama, wadda take kallon kogin Donau, har sai da sanyi ya fara cizon yatsu sannan ya tsinke. Farar giyar da ta fito mai nauyi ce, mai ƙarfi, in ka karkata kofi sai ka ga tana gangarowa a hankali kamar mai. An sayar da yawancinta. Shi kuwa ya ware wasu kwalabe ya kai su can ƙuryar ɗakin ƙasa da aka haƙa cikin tudu, ya kwantar da su a ramin bango, ba takarda a jikinsu, ba suna.

"Waɗannan sai ranar da muka cika shekara hamsin da aure," in ji shi.

Na ce, "Wa ya gaya maka zan jure ka har hamsin?"

"Giyar za ta jure. Ke sai ki yi koyi da ita."

Mun kai arba'in da shida. Ni na jure, giya ta jure, mai kafa dokar ne ya zame.

To ga inda gizo yake saƙar. Ni ban taɓa son tsohuwar giya ba, kuma duk ƙauyen an sani. Ni 'yar ƙasar dankali ce, can arewa cikin daji, inda babana yake shan abin da ya samu ba tare da ya sa masa hanci ba. Abin shana har gobe shi ne sabuwar giya marar nauyi, rabin kofi, a cika da ruwan soda. Ranar farko da aka kai ni gidan surukai, baban Severin ya ɗauko wata tsohuwar kwalba don ya girmama ni. Kowa yana jiran abin da amarya za ta ce. Na kurɓa, fuskata ta tattare wuri ɗaya kamar bakin jaka, na ce, "Kamar an zuba zuma a cikin kananzir." Surukata ta yi alamar gicciye. Tsohon kuwa ya yi ta dariya har da tari, ya ce, "Yarinyar nan ta faɗi daidai, fuskarta ce kawai ba ta sani ba." Ashe wannan warin na fitila shi suke nema. Shi suke zaman jira shekara ashirin. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Daga nan Severin ya gano amfanina. Ya lura iya kyan giya, iya yamutsewar fuskata. In gira kawai na ɗaga, giyar ta yau da kullum ce. In hancina ya tattare, a ajiye ta. In na runtse ido ɗaya ina neman inda zan tofar, to wannan sai babban baƙo. In kuwa na ce, "Wannan dai ana iya sha," sai ya karɓi kwalbar ko ɗanɗanawa ba zai yi ba, ya juye ta a gangar ruwan kal da ke bayan ƙofa, inda lalatacciyar giya take komawa ruwan tsamin girki. Wasu matan girkinsu ake yabo, wasu muryarsu a coci. Ni mijina ya yi shekara arba'in yana nuna wa baƙi fuskata kamar ma'aunin zafi.

"Burgi, sauko da fuskar nan, akwai aiki," haka yake kirana daga gindin matakala.

Kowace Lahadi bayan coci su uku suke sauka ɗakin ƙasa: shi, da Ignaz, da Malam Engelbert wanda ya yi shugabancin makarantar ƙauye har ya ajiye aiki. Ni nake kai musu burodi da kitsen alade da albasa, don haka na sha ra'ayoyi har na ƙoshi. Malam yakan ɗaga kofi gaban kyandir ya ce tsohuwar giya mai nauyi kamar ƙararrawar babban coci ce, sau ɗaya ake bugawa amma ta yi ta amo. Ya ce yana jin busasshen marille a ciki, ɗan itacen nan mai zaƙi na kwarinmu, da ƙamshin dutse bayan ruwan sama, da wani abu kamar tsohon littafi. Ignaz, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa jirgin fito a kogi da taba a baki, yakan ce, "Malam, ni fa bargo nake ji. Wanda ya sha wannan kamar ya lulluɓa da bargo uku ne a watan Yuli. Ƙaro mini." Sai su koma kan yaran zamani masu son giya siririya kamar ruwan ɗauraye kofi, wai nauyi ya zama tsohon yayi. Severin bai cika magana ba. Yakan tsoma gashin bakinsa a kofi, ya daɗe, sannan ya ce, "Ba ta gama magana ba tukuna." In ya hau sama kuwa, sai ya nufo ni a kicin da wannan gashin bakin, ni kuma in tare shi da ludayi.

"Tafi can, fitila! Kar ka matso kusa da murhu, gidan zai kama."

Giya tana iya yin shekara hamsin a kwalba, amma matoshin kwalbar ba ya iyawa. Ɓawon itace ne, yana tsufa yana rududdugewa kamar haƙori. Dole sai an sake shi a hanya: a buɗe kowace kwalba a ɗanɗana, mai rai a cika ta da 'yar'uwarta a toshe da sabo, matacciya a juye. Mun taɓa yin haka sau ɗaya, shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Ni ce alƙali, na yamutsa fuska har kumatuna suka yi ciwo. Severin ya ƙudurta sake yi bana in an gama datsa. Sababbin matosan ma na gan su a leda, rataye a ƙusa, suna jiransa.

A watan Maris na sauka ɗebo tuffa, na ɗan haska ramin bangon, sai na ga bakin wasu kwalabe yana naso. Wani abu mai danƙo ya biyo ta cikin baƙar fumfunar da ta lulluɓe su. Na san abin da ake nufi. In aka bar su haka, ba za su ga shekara huɗun da suka rage ba. Na tsaya da kwando a hannu ina yi wa mamaci faɗa, Allah ya yafe mini. Giyar ba ta dame ni a baki ba. Amma mutumin nan ya ce hamsin, kuma shi ya riga ya karya nasa alkawarin. Ban so kwalaben su bi sahunsa ba.

'Yarmu Gudrun ta ce mini a waya daga birnin Linz in kira wani masanin giya daga Krems, garin da ke can gangaren kogi. Na ce baƙo bai taɓa sa hanci a ramin nan ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Na faɗa da girman kai sosai. Ku riƙe wannan.

Ran Asabar da safe tsofaffin biyu suka zo. Ignaz ne ya fara shigowa.

"Matar yaya, ina kwana? Kin rame fa. Ko miyar gwauruwa ba a sa mata kitse?"

"Kai dai ji da tumbinka, kar ya maƙale mana a ƙofa."

Malam Engelbert ya biyo bayansa da laktaye, sai ka ce wanda zai raba sakamakon jarrabawa. Na riga na tsayar da kwalaben a kan tebur tun farkon mako don gurɓin su kwanta. Ba su kai ashirin ba. Na kunna kyandir, na miƙa wa Malam kofi.

"Malam, kai za ka ɗanɗana."

Ya cire tabarau ya hau goge shi da gefen riga. "Burgi, tun ciwon nan da ya rufe duniya hancina bai dawo ba. Yanzu ko albasa aka sa mini sai na tambaya."

"To duk ƙararrawar nan da marillen da kake ji ran Lahadi fa?"

"Tunawa nake yi. Severin ya sani. In kwalbar mai kyau ce yakan taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur."

Na juya wajen Ignaz.

"A'a, kar ki kalle ni. Ni duk abin da ya jiƙa maƙogwaro ɗan'uwana ne. Bara na sha ruwan wankin ganga har na yaba."

"To wa zai yi?"

Su biyun suka zuba wa fuskata ido.

"Ai ma'aunin yana nan," in ji Ignaz. "Mai shi ne kawai ya yi tafiya."

Haka muka raba aiki. Ignaz ya zare matoshi, ni in ɗanɗana, Malam ya cika da mazurari ya toshe, kuma a yi da sauri, don tsohuwar giya ba ta son iska. Matoshin farko ya fito rabi, sauran sai da aka tsamo shi guntu-guntu. Ignaz ya ɗan tsiyaya mini. Kalarta kamar tsohon zoben zinariya. Maimakon su haska kofin, sai suka matso da kyandir kusa da fuskata, har ina jin zafinsa a kumatu.

Na sansana, na kurɓa, na tsaya ina jiran fuskata ta yi aikinta. Shiru. Wani ɗumi ne ya gangara ƙirjina ya samu wuri ya zauna. Na sake kurɓa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni kwarin nan.

"Yaya?" in ji Malam.

"Tana da daɗi."

Malam ya yi alamar gicciye.

"Yesu da Maryamu. Ta mutu."

"Haba matar yaya, sake dai," in ji Ignaz. "Ko gira ɗaya ki ɗaga mana."

Na sake. Na ma yi ƙoƙarin yamutsa fuskar da gangan don in faranta musu.

"Wannan ta ƙarya ce," in ji shi. "Na san ta gasken, shekara arba'in ina tsoronta."

Doka doka ce. In Burgi ta ji daɗi, a juye. Kuma kada wani ya ɗora wa tsofaffin nan laifi, da hannuna na ɗauki kwalbar, na ɗaga marfin gangar ruwan kal, na juye ta tas. Ina jin ƙararta tana shiga, ɓul-ɓul-ɓul, ina cewa a raina, Allah sarki Severin.

Ta biyu ma haka. Daɗi, har ya fi na farkon. Idona ya fara kawo ruwa, na ce hayaƙin kyandir ne. Na juye. Nan fa ra'ayoyi suka ɓarke.

"Giya mai nauyi haka take," in ji Malam. "Kamar ƙaton mutum ce. Ba ta rangaji, in za ta faɗi gaba ɗaya take zubewa. Ina zargin shekarar ambaliyar nan, danshi ya shiga tudun."

"Ni na sha faɗa," in ji Ignaz, "giya ba gawa ba ce da za a yi ta ajiyarta a ƙasa. Da mun shanye abinmu tun muna da haƙora."

"Kai da ba ka bambanta giya da ruwan ganga!"

"Kai kuma da sai an taka maka ƙafa!"

Suna cikin haka na ɗanɗana ta uku, na ji kamar in rungume kwalbar, na tashi na kai ta ganga. Sannan na zauna a kan akwati. Abin da ya zo mini shi ne, mutumin nan ya yi shekara arba'in da shida yana leƙa ramin bango, yana shafa kwalabe kamar mai shafa kan jikoki, ashe ruwan kal yake gadi. Gara da ya tafi bai sani ba. Tun da ya rasu ban taɓa cewa gara ba sai ranar.

Ignaz ya daina wasa. Ya ce a hankali, "Matar yaya, kar mu yi ta wahalar da ke. In uku sun tafi, sauran ma hanyar ke nan. Mu juye duka mu hau sama, ki dafa mana kofi." Ya kamo wuyan kwalabe biyu ya nufi bayan ƙofa.

"Ajiye," na ce. "Ko wanda za a rataye ana tambayarsa sunansa. A buɗe su ɗaya bayan ɗaya."

Ba hikima ce ta sa na faɗi haka ba. So nake in ƙara kurɓa, kunya ta hana ni cewa.

Ta huɗun ta fito da duhu kamar shayin da ya jima a buta. Na sa hanci, na kurɓa. Babu komai. Ruwa ne mai ɗan tsami, kamar tuffar da ta yi mako a jakar ɗan makaranta. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Wannan dai ana iya sha," ba.

"Huɗu ke nan," in ji Ignaz, ya miƙo hannu.

"Tsaya. Wannan ba irin waɗancan ba ce."

"Kamar yaya? Duk ba su ɓata miki fuska ba."

"Waɗancan da mutum a cikinsu. Wannan babu kowa."

"Mutum kamar wa?"

Na ɗauko kwalbar farko da na juye, na sa hancina a bakinta. Ga shi nan kuwa, cike. Kananzir, da zumarsa a ƙasa. Yana nan tun ɗazu, ban ce ban ji shi ba, ƙyamarsa ce kawai ban ji ba. Warin da yake hawo mini matakala ne kowace Lahadi, wanda nake kora da ludayi. Tun watan Janairu ba wanda ya shigo mini kicin da shi. Rigunansa ma, a makon farko na wanke su kaf, saboda hannuna yana neman aiki. Da na dawo hayyacina na hau sansana su, sai ƙamshin sabulu. Wauta dai ba yau na fara ba.

"Gashin bakinsa ne," na ce.

Daga nan kukan da ban yi a maƙabarta ba ya zo. A maƙabarta na tsaya ƙyam, har matan ƙauye suna cewa 'yar ƙasar dankali akwai taurin zuciya. Ga ni nan a kan akwatin tuffa, rungume da kwalba wadda ba komai a ciki, ina ɓarke baki kamar ɗan maraƙi. Tsofaffin suka rasa inda za su sa idonsu. Malam ya ba ni hankicinsa. Ignaz ya yi ta kallon rufi, can sai na ga wuyansa yana juyawa a hankali zuwa bayan ƙofa.

"Matar yaya. Kina nufin ukun nan..."

"Lafiyarsu ƙalau."

Malam ya zauna a kan matakala ya kwance laktaye. Ignaz ya je ya ɗaga marfin gangar ya leƙa, ya daɗe yana leƙe.

"Ko za a iya kwasowa ta sama-sama?"

"Jaki," in ji Malam. Ban taɓa jin ya yi zagi ba. "Zuba kofi a Donau, ka je Krems ka kwaso naka."

Sai Ignaz ya fara dariya, irin ta babansu sak, mai tari a ƙarshe. Ni ma na kama, ga hawaye ga majina. Mu uku, shekarunmu sun haura ɗari biyu in an haɗa, haifaffun kwarin inabi biyu da matar mai inabi, mun taru mun juye giyar da ta fi kowace a ƙauyen cikin ruwan kal, don kawai wata ta ce tana da daɗi. Na tuna masanin Krems, na ce kada wanda ya gaya wa Gudrun.

"To ma'aunin bai lalace ba," in ji Ignaz yana share ido. "Juyewa ya yi. Da da fuska muke awo, yanzu da ido. In ta yi kuka a toshe, in ido ya bushe a juye."

Malam ya ce in dinga tofarwa. Da can ba sai an gaya mini ba, ni nake neman bokiti. Yanzu kuwa na ce ba zan tofar da mijina a bokiti ba. To kun san giyar nan mai ƙarfi ce, kuma ban karya kumallo ba. Kafin a yi nisa sai ga ni ina kuka tun ba a zare matoshi ba. Na yi wa mazurari kuka, don nasa ne. Kare ya leƙo, na yi masa kuka. Ignaz ya yi shakka, ya faki idona ya zubo mini daga matacciyar nan, na kurɓa na fashe da kuka na ce a toshe.

"Malam, dakata," in ji shi. "Ma'aunin ya jiƙe."

Suka tallabo ni zuwa sama. Muka zauna a kan katanga cikin rana, suka ɗura mini baƙin kofi da burodi da kitse. Wani koren ƙadangare ya fito daga tsakanin duwatsu yana kallona, Ignaz ya ce masa, "Gudu, za ta yi maka kuka." Sai da rana ta karkata idona ya bushe sosai, sannan muka koma. Suka sake gwada ni da waɗanda na yanke wa hukunci cikin maye. Wannan karon na tofar, ina cin busasshen burodi tsakanin kwalba da kwalba. Abin ya fito sarai. Masu rai, da na sa hanci sai hawaye ya zubo. Matattun kuwa ko a jikina.

Dole a sadaukar da mai rai guda don a cika wuyan sauran. Da aka gama, ɗan abin da ya rage a gindinta muka raba uku. Ignaz ya kurɓa ya ce, "Bargo. Bargo huɗu ma." Malam ya ɗaga kofinsa gaban kyandir, ya sa hancinsa da ba ya jin komai. Na ga yana son ya yi magana amma bai san ko ya halatta ba. Sai na miƙa ƙafa ta ƙarƙashin tebur na taka tasa.

Ya ɗago kai. Sannan ya ce, "Ƙararrawa," yana ɗaga yatsa. "Kun ji? Har yanzu tana amo."

Ni aka tambaye ni, na ce kananzir da zuma. Ra'ayina bai canja ba. Ni ce dai na canja, ba da izinina ba.

Goma sha ɗaya muka mayar ramin bango, da sababbin matosai da kakin zuma a baki. Da sun zama goma sha huɗu, amma wannan magana ta wuce. Ruwan kal ɗin kuwa ya yi suna. Matan ƙauye suna zuwa da 'yan kwalabensu, wai ba su taɓa cin haɗin dankali irin na bana ba, mene ne sirrin. Nakan ce a juye abu mai kyau a ciki, kar a yi rowa.

Na ɗauka an gama. Lahadin da ta biyo baya, na dawo daga coci, gidan tsit. Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni a ƙuryar ɗakin ƙasa da mabuɗin kwalba a hannu, ina ce wa kaina guda ɗaya ce kawai, wa zai ƙirga. Ni da na yi shekara arba'in da shida ana roƙona in kurɓa. Har na sa wa kakin farce. Abin da ya tsayar da ni, karen ne ya zauna a bakin matakala yana yi mini irin kallon da yake yi wa ɓarayin inabi.

Na kulle ƙofar na ɗauki makullin. Ban kai wa Ignaz ba, ba a ba kura ajiyar nama. Gidan Malam na nufa.

"Riƙe wannan. Kai ne kaɗai a ƙauyen nan da hancinsa ba zai yaudare shi ba. Ko na zo ina kuka kar ka ba ni."

"Ko kin zo da fadan coci," in ji shi, ya sa a aljihun ƙirji.

Tuffa da gangar ruwan kal mun dawo da su sama. Sau biyu na koma wajen Malam neman makullin tun daga lokacin, sau ɗaya da ƙaryar na manta gyalena a ƙasa. Ya ba ni kofi, ya rako ni har ƙofar gida.

Tsofaffin matosan da suka rududduge na tattara su a kwalbar jam mai marfi. Ran Lahadi nakan buɗe, in sa hanci, in yi maza in rufe. Warin yana raguwa, na sani. Ba zai kai ni shekara huɗu ba. In ya ƙare sai in yi haƙuri, ba shi ne na farko da ya bar ni a hanya ba.

Yanzu dai ina shan maganin hawan jinina a kan lokaci, abin da Gudrun ta yi shekaru tana fama da ni a kai. Na rage kitse, ina zagaya gari da karen ko yana so ko ba ya so. Ignaz ya ce wai saurayi na samu. Ban kula shi ba. Kwalabe sun samu sabon matoshi, ni ba wanda zai sake mini nawa, kuma ranar da hamsin ɗin ta cika dole wani daga gidan nan ya iya sauka matakalar da ƙafarsa.